Rantsuwar da Na Ƙi Yi a Kwara Kano

Tun da aka rushe majalisun meri, wato na ofisoshin magajin gari, aka naɗa masu riƙo, wata irin hayaniya ta ɓace daga unguwarmu ta Bukoki, kuma da alama ni kaɗai nake jin rashinta. Babura na nan suna kuka, masu walda na nan suna zubar da tartsatsi a bakin hanya, rediyon mai shayi bai taɓa yin shiru ba. Amma motar nan mai lasifika biyu a ka, wadda take ratsa lunguna da hantsi tana kiran mata su fito taro, yara na bin ta a guje suna maimaita waƙar da ba su san ma'anarta ba, ita kam ba a ƙara jin ta ba. Jikokina sun ce gara haka, kunne ya huta. Babbarsu, mai karatu a jami'a, ta tsaya a ƙofar ɗakina kwanan baya ta ce, "Kaka, wai me konseye, ƴan majalisar nan, suka taɓa tsinana wa mutane?" Maganar kuwa ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofa. Ta wuce abinta, ni kuma aka bar ni da tunani.

Lokacin da muke ƴan mata, Bukoki bakin gari ce. In ka wuce gidajen ƙarshe sai gonakin hatsi da ƴan bukkoki. Baba mutumin Tawa ne, albasa yake kawowa Yamai, har ya gaji da hanya ya gina ɗaki biyu na laka ya ɗauko mu. A bayan gidanmu akwai wani fili mai faɗi, da itacen gawo guda biyu da wata tsohuwar aduwa. A nan rayuwarmu take. Da sassafe ƙarar taɓarya ce ke tashe mu, mata uku a turmi ɗaya, suna lugude suna tafi, wata na waƙa da Zabarmanci wata na amsa mata da Hausa. A nan ake shanya zogalen kwaɗon da Zabarmawa ke kira kopto a kan tabarmi, mu kuma aikinmu korar awaki. A nan muke ajiye bokitan ruwa mu huta in mun dawo daga pompo, wuya na ciwo, gammo ya jiƙe. Da la'asar sakaliya samari su buga ƙwallon tsumma a gefe ɗaya, mu mu yi gaɗa a ɗaya gefen har a kira magariba. A wannan filin na haɗu da Ramatu, ɗiyar maƙwabtanmu Zabarmawa, ranar da akuyarsu ta cinye mana zogale muka yi faɗa har da yagar kallabi. Washegari ta kawo mini gyaɗa a leda, tun daga nan ba mu rabu ba.

A wancan zamani ba mu san zaɓen unguwa ba. In abu ya taso, mai unguwa ne zai sa a shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, dattawa su zauna, mata su leƙo ta kan katanga. In damina ta kusa, a buga gangar gayya, samari su fito da shebur su yashe magudanan ruwa, iyayenmu su dama fura a manyan ƙorai mu kai musu. Ba zan ce komai daidai yake ba, don mace ba ta da ta cewa a kan waccan tabarma, kuma abin da aka yanke a sama shi ne ke sauka ko ana so ko ba a so. Amma mutum ya san wanda zai kama da maganarsa. Baba yakan zauna yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu, ya dubi filin ya ce, "Wannan na kowa ne har ranar da mai kuɗi zai gan shi." In kuma ɗayanmu ya yi alkawarin da bai cika ba, ko na share tsakar gida ne, sai ya ce, "Magana zarar bunu ce, ɗiyata. In ta fita ba ta komawa." Muna jin su kamar surutun tsofaffi.

Ina da aure da ƴaƴa lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo. Gari ya rikice da zannuwa masu hotuna, kowane gida ya rabu, miji na wannan ɓangare mata na wancan, a ci tuwo kwano ɗaya a tashi ana gardama. Yayana Lawali ya tsunduma cikinta gaba ɗaya. Shi ne mai haɗa taro, mai raba zane, mai riƙe lasifika har muryarsa ta dushe. Da aka fara cewa za mu zaɓi masu kula da unguwanninmu da kanmu, mun fito mun yi layi cikin rana, aka shafa mana tawada a yatsa, muka koma gida muna jin kanmu manya. Tawadar ba ta gama gogewa ba muka ji a rediyo an soke. Shekaru suka shuɗe kafin a sake kiran wani. A tsakanin nan ne abin da ya juya ni ya faru.

Ramatu ta daɗe ba ta samu ciki ba, sai Allah ya ba ta bayan an fid da rai. Naƙuda ta kama ta wata rana da azahar, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lungunanmu suka zama koguna. Babu taksin da ya yarda ya bar gudron, wato kwalta, ya shigo, matanite kuwa, asibitin haihuwa, tana da nisa. Ungozomar unguwa ta yi iya yinta ta ce abin ya fi ƙarfinta. Muka ɗora Ramatu a amalanken mai itace, muka rufa mata leda, mijinta da wasu samari na turawa, jakin na turjewa, ni na riƙe kanta a cinyata ina cewa ta yi salati. Mun ratsa ta tsakiyar filin nan, ruwa har gwiwar maza. Kafin mu kai gudron jikinta ya saki. An ceci ranta, yaron bai zo da rai ba, kuma ba ta ƙara haihuwa ba. Da na je duba ta bayan kwana biyu, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Da a filin nan namu ɗakin haihuwar yake, da yanzu ina ba shi nono." Wannan magana ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Da zaɓen ya sake zagayowa, an ce dole kowace jam'iyya ta sa mata cikin ƴan takararta. Yaya Lawali ya zo gidana da yamma yana murmushi. A lokacin ina sayar da atamfa a ɗaki, kuma ni ce uwar foyandinmu, taron da mata ke yi gida gida, don haka babu ƙofar da ban sani ba. Ya ce, "Na sa sunanki. Ba wani aiki ba ne, ki zauna kawai, in an ce a ɗaga hannu ki ɗaga." Na ce zan yarda in za a yi mana matanite a filin bayan gidanmu. Ya kai ni wurin Alhaji Nomau, babban ɗan kasuwar da ke kan gaban takararmu, wanda kowa ya san shi ake so ya zama magajin gari. Alhaji ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Hajiya, wannan ai an gama. Ki faɗa wa mata haka." Na kuwa faɗa. Na shiga gidajen Hausawa, na shiga na Zabarmawa da Ramatu a gefena tana fassara abin da harshena ya kasa. Na zauna da masu jego, na zauna da tsofaffin da suka binne jikoki. Kowace na dafa ƙirjina na ce mata ni ce shaida, ba Alhaji ba, ni.

Muka ci zaɓe, amma da rinjayen kujera ɗaya tak. Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba: jama'a konseye suke zaɓa, su kuma konseye su taru a meri su zaɓi magajin gari daga cikinsu, kowa ya jefa tasa a ɓoye. To in rinjayenku kujera ɗaya ne, kowane konseye ya zama ƙwai a cokali. Saboda tsoron kada ɗaya ɓangaren ya saye wani, sai aka kwashe mu duka a mota aka kai mu wata vila, wani babban gida a unguwar Kwara Kano, aka ce hutu za mu yi har ranar zaɓen. Ban taɓa kwana a ɗaki mai sanyin inji ba sai a nan. Katanga doguwa, gardi a ƙofa, masu salula a cikinmu aka karɓe musu. Nama kuwa har ya gundure mu. Mu mata biyu ne, ni da Madam Zali, wata malamar lakwal, wato makarantar boko, mai sanyin hali, aka ba mu ɗaki ɗaya.

Ana gobe zaɓe, da rana, wasu ƴan kasuwa da suka ɗauki nauyin yawon neman ƙuri'a suka zo gaishe da Alhaji. Aka baje musu gasasshen rago a falo. Ni ina gefe a kan darduma, ban daɗe da idar da azahar ba. Ba su rage murya ba, don a wurinsu mace a falo kamar labule ce. Ɗaya ya ce shi gefen da ke kallon hanya yake so, butik shida na ƴan tireda za su shiga. Wani ya ce a bar masa wajen gawo, ɗansa zai gina gida. Suna ta yanka suna rabawa kamar yadda suke yi wa ragon. Sai da na ji an ambaci aduwa na tabbatar filinmu ake nufi. Na miƙe na ce, "Alhaji, gafara dai. Filin matanite ne ake rabo?" Alhaji ya goge hannu ya yi dariya ya ce, "Hajiya, matanite ai ba gudu za ta yi ba. Za a samo mata wuri mai faɗi can bayan gari." Na ce, "Nisan ne ya kashe ɗan Ramatu." Ya ce, "Allah ya jiƙan sa. Ki je ki huta."

Da safen zaɓe aka kawo wani malami da Alƙur'ani a naɗe cikin farin ƙyalle. Aka ce kowa ya yi alwala ya dafa, ya rantse Alhaji zai jefa wa. Madam Zali ta ga yanayina, ta ja ni gefe ta raɗa mini, "Ki ce ba ki da tsarki. Babu namijin da zai bincika. In kin shiga can ki yi abin da zuciyarki ta ce, ba wanda zai sani." Wallahi na so in ɗauki shawarar nan, don hanya ce mai sauƙi. Amma na tuna a fili na yi wa mata alkawari, ba a ɓoye ba, sai na ji ba zan iya laɓewa bayan ƙarya ba. Maza suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, na matsa gaban malam na durƙusa, hannuwana a cinya.

Na ce, "Allah gafarta malam, da alwalata. Zan dafa. Amma Alhaji ya fara dafawa, ya ce ba za a yanka filin bayan gidanmu ba."

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi Yaya Lawali, wanda yake tsaye a bakin ƙofa, don shi ne mai kula da mu. Alhaji ya ce, "Ni za a sa wa sharaɗi a gidana? Lawali, wannan ce ƙanwar da ka ce ba ta da matsala?"

Yaya ya kama hannuna ya fitar da ni tsakar gida, gindin wani mangwaro. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ke, kin san abin da kike yi? Shekara nawa ina bin mutanen nan cikin rana? Yau da za a ba ni aiki a meri, yau za ki tozarta ni? Ni na sa sunanki!"

Na ce, "Yaya, kai ka sa sunana, amma bakina na sa a gidajen mutane."

Ya ce, "Siyasa ce. Kowa na faɗa, kowa na mantawa."

Na ce, "Ramatu ba ta manta ba."

Ya sassauta murya, abin da ya fi tsawar ciwo. Ya ce, "Don darajar Inna. Don nonon da muka sha. Ki dafa, daga baya ni da kaina zan roƙe shi ya bar muku ko rabi." Na yi kuka a wurin, don ina son yayana, shi ya goye ni ranar da ƙaya ta soke ni a filin nan muna yara. Amma na ce masa a'a. Ya sake hannuna kamar ya taɓa wuta.

Sun yi shawarar su kulle ni a vilar su tafi. Sai wani ya tuna musu cewa in babu ni kunnen doki za a yi, kuma an ce in aka yi haka wanda ya fi shekaru ake ba. Ɗan takarar ɗaya ɓangaren kuwa, Mushe Tahiru, kamar yadda muke kiran malaman boko, tsohon shugaban lakwal ne mai furfura, ya girmi Alhaji nesa. Dole suka sa ni a mota, suna fatan zuciyata za ta karaya a hanya. A ƙofar meri matanmu sun yi dafifi da zanen jam'iyya, suna guɗa suna kiran sunana, ba su san komai ba. Ina shiga zauren na nufi Mushe Tahiru kai tsaye, mutumin da ban taɓa gaisawa da shi ba sai daga nesa, wanda na sha zagin jam'iyyarsa a taro. Na tambaye shi a gaban kowa me zai yi da filin Bukoki. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san inda zan samo abin gina matanite ba. Amma muddin ina kan kujera ba za a yanka shi ba." Alkawarinsa ƙarami ne a kan na Alhaji, shi ya sa na yarda da shi. Da aka kira sunana na shiga bayan labule, na rubuta, na fito na jefa.

Da aka gama ƙirge aka ce Mushe Tahiru ne, sai zauren ya fashe da ihu. Labari ya riga ni fita. Matan da suka yi mini guɗa da safe su ne suka tare ni da "Maciya amana! Nawa aka ba ki?" Wata ta fizge mini kallabi, wani yaro ya watso ƙasa. Ban ga ta inda Ramatu ta ɓullo ba, sai dai na ji an lulluɓe ni da mayafi, tana ture mutane tana zazzaga musu Zabarmanci. Ita ta kai ni gida a ƙafa. Maigidana, direban babbar mota ne, mutum mara yawan magana, yana zaune a zaure ya riga ya ji komai. Ya dube ni da ƙasa a gashi, ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki ci, sannan ki yi wanka." Kuma bai taɓa bari wani ya zage ni a ƙofarsa ba.

Abin da ya biyo baya ya yi ɗaci. Jam'iyya ta kore ni. Masu sayen atamfata suka ɗauke ƙafa, foyandi ya rabu biyu. Sai da ni da Ramatu muka sake bin gidajen nan ɗaya ɗaya muna faɗin abin da na ji a falo, wasu suka gaskata, wasu suka rufe mana ƙofa. Yaya Lawali bai samu aikin ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Talaje, salla ta zo ta wuce bai tako gidana ba, wata ma ta zo ta wuce. Inna ce ta gaji, ta aika a kira mu, ta ce ba za ta ƙara cin abincin gidan ɗayanmu ba sai mun gaisa a gabanta. Muka gaisa. Daga baya zumunci ya dawo, muna zuwa suna da biki, har mukan yi dariya. Amma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Nakan yi masa addu'a kullum, kuma har yau ina tuna fuskarsa a gindin mangwaron nan.

Mushe Tahiru ba waliyyi ba ne, ya cika meri da mutanensa kamar yadda kowa ke yi. Amma ya riƙe maganarsa. Ya sa aka kewaye rabin filin, ya yi ta yawo har aka samu masu taimako aka gina ɗaki biyu, aka turo ungozoma ta gwamnati. Bai kai ƙarshen wa'adinsa ba. Manya a sama suka sauya ƙawance, na ƙasa suka amsa, konseye uku na ɓangarensa suka juya masa baya, aka tsige shi. Alhaji Nomau ya hau kujerar da ya daɗe yana so. Ya yanka gefen hanya aka jera butik, gawo ɗaya ya tafi. Amma cikin katangar ya gagare shi, don lokacin an riga an fara jin kukan jarirai a ciki, kuma babu ɗan siyasar da zai rushe ɗakin da matan masu ƙuri'a ke haihuwa. A zaɓe na gaba babu jam'iyyar da ta ɗauki sunana. Tun daga nan na ga meri ta sauya hannu ban san sau nawa ba. A rushe, a naɗa, a sake zaɓe, wata jam'iyya ta kwashe kujeru, ƙawance ya ƙwace mata. Na ga yaran Alhaji da na Mushe sun ɗaura zane iri ɗaya suna rawa a mota ɗaya. Waɗanda suka kira ni maciya amana, wasunsu sun sauya jam'iyya fiye da yadda suke sauya hula.

Yaran yanzu sun ce duk ɗaya ne, da zaɓe da babu. Na fahimce su, don sun ga ƙarya da yawa. Amma ni na zauna a zauren nan, na san bambancin. Konseye ko ɓarawo ne, ka san gidansu, ka san uwarsa, za ka iya tare shi a wurin jana'iza ka tuna masa abin da ya faɗa, kuma ya san wata rana zai dawo ƙofarka yana sallama. Da can da muke leƙe ta kan katanga ba mu da wannan, yanzu ma an ɗauke mana shi zuwa wani lokaci. Abin da ba a ɗauke ba shi ne ƙafa da baki.

Watan da ya wuce aka wayi gari wasu mutane sun zo da igiyar awo, sun kafa turaku a ɗan abin da ya rage na filin, tsakanin katangar matanite da tsohuwar aduwa. Nan ne dangin masu naƙuda ke shimfiɗa tabarma su jira, nan ake dafa ruwan zafi da kunun mai jego. Aka tambaye su wa ya aiko su, suka ce su dai aiki aka ba su. Na aika aka kira Ramatu. Ta zo tana dogara sanda, gwiwa ta cinye ta. Muka tara mata, tsofaffi da ƴan matan da a ɗakin nan aka yanke musu cibiya, muka hau mota zuwa meri. Gardin ƙofa, yaro ne sa'an jikana, ya ce, "Hajiya, ai yanzu babu konseye. Wa ya turo ku?" Na ce, "Mu muka turo kanmu, ɗana. Ka nuna mana inda ake zama." Ranar farko ba a gan mu ba. Muka koma washegari, muka sake komawa, har gardin ya fara fito mana da benci tun kafin mu roƙa. Daga ƙarshe mai riƙon ya karɓe mu. Ya saurara, ya zo da kansa ya ga tukwane a kan murhu da wata tsohuwa rungume da jariri sabon haihuwa, ya sa aka cire turakun, ya ce a dakata har sai an bincika.

Mata suka yi guɗa, ni ban yi ba. Na tsufa da sanin abin da "har sai" ke nufi. Ran nan da yamma na sa aka sayo mana dashen bedi, wato dogon yaro, da zogale, muka bi ramukan da turakun suka bari, kowane rami muka sa masa itace, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ramatu ta ce, "Ke da wa za ku sha inuwarsu?" Na ce ban dasa don inuwa ba, so nake duk wanda ya dawo da igiya ya tarar wurin da mai shi. Yanzu kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki ɗan bokitina in fita. Bayana ba ya son sunkuyo, ruwan ma rabi nake iya ɗauka, sai in yi sawu biyu. Jiya na tarar wata yarinya da ban san ta ba ta riga ni, da goyo a bayanta, tana zuba wa na ƙarshen layi. Ban tambaye ta ɗiyar wa ce ba. Na nuna mata wanda awaki suka fara ci, muka gyara masa ƙaya tare.